Ɗigon da ke Ƙarƙashin Kifi

Shekara talatin da takwas Tofazzal Mridha ya yi yana taka lungunan Dhaka da jakar buhu a kafaɗa, yana kiran matan gida su fito da dutsen niƙa a sara. Mutumin Barisal ne. Kogi ya cinye gonar ubansa yana ɗan shekara goma sha tara, ya hau jirgin ruwa ya zo birni wurin kawunsa. Kawun bai ba shi komai ba sai guduma da ƙusar ƙarfe mai kaifin baki, ya ce masa ga gonarka nan. Aikin ba shi da wani sirri. Dutse idan ya daɗe yana shan barkono da citta da kurkur yakan yi sulɓi ya daina kama komai, sai a kira irin su Tofazzal su durƙusa a bakin ƙofa su fitar masa da sababbin haƙora, layi bayan layi, uwar gida tana tsaye a kansu tana mita cewa na bara ya fi arha.

Kowane mai sara yana da adon da yake yi a goshin dutse in ya gama. Wani fure, wani ganye, wani kwalekwale. Na Tofazzal kifi ne mai wutsiya a karkace. A shekarar da matarsa Hasna Banu ta haifa masa namiji rayayye, bayan biyu da suka zo babu rai, sai ya ƙara ɗigo ɗaya a ƙarƙashin bakin kifin. Daga ranar duk dutsen da ya bi ta hannunsa da wannan ɗigon yake komawa madafa. Ba wanda ya san ma'anarsa sai Hasna Banu, ita kuwa yau shekararta goma sha ɗaya a ƙasa. Yaron, Imrul, bai taɓa tambaya ba, domin bai taɓa tsayawa ya dubi dutsen niƙa ba.

Sana'ar ta bar masa shaidarta. Idonsa na hagu ya yi hazo tun ranar da wani ɓarɓashi ya shige shi a Lalbagh. Hannuwansa kuwa, daga wuyan hannu zuwa farce, cike suke da baƙaƙen ɗigo-ɗigo na ƙarfe da dutse da suka shige ƙarƙashin fata suka yi zamansu, ba sabulun da ke fitar da su. Da waɗannan hannuwa aka yi wa Imrul makaranta har jami'a, aka kai shi kujerar banki. Tun yana aji huɗu yaron yake rubuta "ɗan kasuwa" a gurbin sana'ar uba. Tofazzal ya gani, ya ci gaba da saransa. Da injin markaɗe ya shigo gari, wannan abu mai ihu kamar an taka kare, wanda ke mayar da yaji ruwa, aiki ya ja baya. Imrul ya samu hujja, ya ɗauko tsohon ya ajiye shi a hawa na shida a Mirpur, ya ce ya huta haka nan. Hutun kuwa ba komai ba ne illa zaman taga.

A ƙarƙashin gadonsa akwai sabon dutse da ya sara da hannunsa, da kifi da ɗigo, yana jiran matar da Imrul zai aura. Ya kuma yi wa kansa alkawari guda. Ranar da yaron nan ya buɗe baki a gaban mutane ya faɗi sana'ar ubansa, ranar zai gaya masa abin da ɗigon yake nufi. Wannan kaɗai yake jira a duniya, kuma shekaru suna ta tafiya.

Sai ga maganar aure ta taso. Yarinyar sunanta Tasnuva, 'yar wani Chowdhury Saheb mai masana'antar tufafi. Aka sa ranar Juma'a bayan masallaci iyaye su haɗu su ci abinci a wani gidan abinci da ake yayi a Banani, unguwar masu kuɗi. Mako guda cur Imrul ya yi yana koya wa ubansa cin shinkafa da cokali mai yatsu, mutumin da ya shekara sittin da uku yana ci da hannu bai taɓa ɓatan hanyar bakinsa ba. Ya sayo masa farar riga mai dogon hannu, ya sa tela ya ƙara wa hannun tsawo.

"Abba, in an tambaya, kantin kayan gini kake da shi a Barisal, ka rufe saboda tsufa. Ka bar hannu a ƙasan tebur in ba ci kake yi ba. Don Allah, na yau kaɗai."

Tofazzal ya dube shi da idonsa mai kyau, ya ce to. Da zai fita sai ya zura ƙaramar ƙusarsa a aljihu, yadda wani zai zura carbi. Bai taɓa fita babu ita ba.

Sunan wurin Tsakar Gidan Kaka. Wace kaka ce mai na'urar sanyaya ɗaki guda takwas, Allah kaɗai ya sani. An bi ƙauyuka an sayo kwanon rufi mai tsatsa an lulluɓe silin da shi, irin wanda talaka ke addu'ar rabuwa da shi kafin damina. An rataye lauje da fitilar ƙwai da kejin kamun kifi da tsohuwar guduma a jikin garu, kowanne da 'yar fitilarsa tana haska shi. Masu kawo abinci sun ɗaura zane irin na masu tura keke, da tawul a kafaɗa, amma zanen ya sha guga har yana ɗaukar ido, kuma Turanci suke yi wa juna. A bakin ƙofa mutane sun yi layi da motocinsu a baya, suna jiran a ba su izinin cin abincin da masu aikin gidajensu ke ci a tsaye a bayan madafa. Shinkafar da ta kwana a ruwa, wadda Tofazzal ya sha ci da gishiri da barkono ɗaya a shekarun da babu, a nan shafi guda aka ba ta a takardar abinci, har da hotonta.

Chowdhury Saheb ya tarbe su da tumbi da fara'a. Matarsa ta miƙa gaisuwa daga nesa ta koma kan wayarta. Tasnuva yarinya ce mai kyau, ba laifi, ta ce "Ankul" ta ɗan rusuna. Aka zauna. Tofazzal ya laluba gefen farantin ƙasa da aka ajiye masa yana neman cokalin da ya sha wahala a kansa, babu. Mai kawo abinci ya yi murmushi ya ce a nan gidan ba a ba da cokali, da hannu ake ci, kamar a gidan kaka. Imrul ya dubi hannun ubansa. Tsohon ya ji dariya ta taso masa, ya danne ta da ruwa.

Aka jero ƙananan kasake goma sha biyu na borta, kirɓaɓɓen dankali da na yalo da na busasshen kifi da sauransu, kowanne bai fi loma biyu ba. Ba wanda ya taɓa. Sai da Tasnuva ta miƙe tsaye ta ɗauki hoto daga sama, ta matsar da kasko ɗaya ta sake ɗauka, shinkafa tana ta hucewa. Da aka ba da izini, Chowdhury ya sa kan yatsu uku yana tsinkar shinkafa kamar mai tsoron ta cije shi, rabi na zuba a hanya. Tofazzal ya naɗe dogon hannun rigar, ya cuɗa, ya dunƙula, ya tura da babban yatsa. Hannun ya fito fili da duk ɗigo-ɗigonsa, ba wanda ya lura. Masu kuɗi ba sa kallon hannun mutum sai in agogo ne a jiki.

Loma ɗaya ta ishe shi gane komai. Kifin ilish ne a cikin miyar mastad, 'yar ƙwayar yajin nan da ake niƙawa, miyar kuwa ɗaci take yi a ƙarshen harshe. Duk yarinyar da ta taɓa durƙusawa gaban dutse ta san mastad in ya ji zafin inji ɗaci yake yi. A dutse ake bin sa a hankali, da gishiri da ɗanyen barkono, sai ya ba da ƙamshi, ɗacin ba ya fitowa. Bortar ma duk laushi ɗaya, kamar abincin jariri. A saman takardar abinci kuwa an rubuta da manyan baƙaƙe cewa komai na gidan nan a dutse aka niƙa shi.

Chowdhury ya lumshe ido ya ce wannan ɗan ɗacin shi ne shaidar dutse, inji ba ya iya fitar da shi. Ya ce shi da an ba shi na inji, tun daga ƙamshi yake ganewa.

"Ko ba haka ba, Mridha Saheb? Ku mutanen ƙauye kun fi mu sani."

"Haka ne, Saheb," in ji Tofazzal, ya ji ƙafar Imrul da ke danne tasa a ƙarƙashin tebur ta sauka.

Chowdhury ya samu abin magana. Ya nuna garun da ke bayansu, inda aka manna duwatsun niƙa guda tara, an shafe su da mai suna ƙyalli. Ya ce mai gidan ya gaya masa kowanne ya haura shekara ɗari, daga gidajen manyan da aka samo su, kuma masu wannan zane sun ƙare, ba sauran ko ɗaya a raye. Ya yi ajiyar zuciya saboda al'adar da ta mutu, ya goge yatsunsa da takarda. Tofazzal ya juya ya duba. Uku daga cikin taran kifi ne mai wutsiya a karkace, da ɗigo a ƙarƙashin baki. Dutsen mai shekara ɗari bai girmi saurayin da ke zaune kusa da shi yana zufa ba. Na tsakiyar ma ya gane shi sarai, na wata mata ce a Azimpur mai ba shi shayi ba sukari. Ya dubi Imrul ko zai ga wani abu a fuskarsa. Imrul yana kallon Chowdhury yana gyaɗa kai.

Tofazzal ya tashi ya tafi wanke hannu. Kusa da wurin wankin, taku huɗu daga teburinsu, akwai wani ɗan ɗaki na gilashi, a ciki an zaunar da wata mata da jan zane tana niƙa barkono don masu ci su gani. Yara suna nuna ta da yatsa. Tofazzal ya tsaya. Barkonon zamewa yake yi yana guduwa gefe, matar tana danna ɗan dutsen da duk nauyinta, kafaɗunta suna rawa. Dutsen ya yi sanƙo, sumul kamar faranti. Ya tura ƙofar gilashin ya leƙa.

"'Yata, yaushe rabon dutsen nan da sara?"

Ta ɗago a tsorace, ta dubi farar rigarsa, sannan ta dubi hannunsa. Da ta ga hannun sai ta saki jiki. Ta ce sunanta Joytun, wata bakwai ke nan tana zama a nan daga sha biyu zuwa huɗu, kuma haka ta sami dutsen. Ta yi magana, an ce mata wanda ya fi sulɓi ya fi kyau a hoto. Abin da take niƙawa ma zubarwa ake yi, na ci yana can baya inji uku suna yi. Ta ce ita ba ta damu da wannan ba, kafaɗarta ce kawai ba ta barinta ta ɗaga tulu in ta koma gida.

Ya shafa dutsen da babban yatsa. Ya san ya yi wa Imrul alkawari, ya san abin da ke kan tebur ya fi kifi tsada. Amma shekara talatin da takwas bai taɓa wuce dutse mai sanƙo da mace a durƙushe gabansa ba. Ya miƙa hannu ya sauko da tsohuwar gudumar da ke rataye a garu, ya ciro ƙusarsa daga aljihu, ya ce wa Joytun ta kwashe barkonon ta matsa baya saboda ido. Ya zauna a ƙasa da farar rigarsa, ya riƙe dutsen da ƙafa, ya fara.

Ƙarar ta ratsa gidan abincin gaba ɗaya. Duk wanda ya haura shekara arba'in a wurin ya san ta tun yana yaro, ko da zai rantse bai sani ba. Hira ta tsaya. Ƙura ta fara sauka a kan rigar. Tofazzal bai ɗago ba, amma ƙofar gilashin a buɗe take, kuma kunnensa ba abin da ya same shi. Tsakanin bugu da bugu ya ji muryar Chowdhury ta sauya.

"Imrul, lafiya mahaifinka yake?"

Gudumar ta ɗan tsaya a sama. Wannan ce ranar, in dai akwai ta. Kalma huɗu ko biyar ne kawai.

"Ku yi haƙuri, Ankul," in ji Imrul a hankali. "Tsufa ne. Tun rasuwar mahaifiyata kansa yakan ɗan juye. Sai ya ga abu ya ɗauka ya iya."

Gudumar ta sauka. Tofazzal ya ji abin ya soke shi a ƙirji, zafin da bai ji irinsa ba ko ranar da ɓarɓashi ya shige masa ido. Ya ci gaba da layinsa, domin ba a barin dutse rabi.

Abin da ya biyo baya, wanda ya san Banani ba zai yi mamaki ba. Wasu samari a teburin gefe suka taso da wayoyi a sama. Wata mata mai gilashin ido a goshi ta ce wannan shi ne abu mafi kyau da ta gani a shekarar nan, ta tambaya ko kullum ake yi ko sai Juma'a. Aka fara tafi. Mai gidan, wani matashi mai gemu da ɗan kunne, ya fito da gudu da niyyar kora, ya ga wayoyi, ya mayar da niyyar aljihu ya shiga tafi shi ma. Tasnuva ta ture kowa ta durƙusa kusa da tsohon tana ɗaukar hannuwansa, tana cewa a duba waɗannan ɗigo-ɗigon, kamar zane. Chowdhury ya dubi jama'a, ya dubi 'yarsa, ya auna inda iska ta nufa, sai ga shi a bakin gilashi yana gaya wa na kusa da shi cewa surukinsa ne, beyai ɗinsa ne, kamar an riga an ɗaura aure.

Sai a lokacin Imrul ya taso. Ya ratso mutane, ya tsuguna, ya dafa kafaɗar ubansa ta inda hoto zai kama su tare.

"Mahaifina ne," ya ce da murya mai ƙarfi. "Mai saran dutse ne, shekara talatin da takwas. Da wannan gudumar ya yi mini karatu. Kullum ina alfahari da shi."

Aka yi tafi mai yawa. Matar Chowdhury har da share ido. Ga kalmomin nan sun fito, ɗaya bayan ɗaya, yadda ya yi shekaru yana jin su a ransa a bakin taga. Tofazzal ya saurare su, bai ji komai ba sai ɗacin mastad a harshensa. Gudumar ma ba tasa ba ce, ta jikin garu ce.

Ya ƙarasa layin ƙarshe, ya matsa goshin dutsen ya fitar da kifi, ya karkata masa wutsiya. Ya hure ƙura, ya ce wa Joytun ta wanke shi sau uku ta niƙa ɗanyar shinkafa a kai kafin ta sa yaji. Ta shafa sababbin haƙoran da tafin hannu, ta ce Allah ya saka, Baba, can ƙasa-ƙasa, ba don kowa ya ji ba. A duk gidan ita kaɗai ta dubi aikin.

Mai gidan ya dubi kifin, ya dubi na garu, ya tafa hannu ya ce ai hannu ɗaya ne. Zancen shekara ɗari ko a jikinsa. Nan take ya fara lissafa yadda Baffa zai riƙa zuwa duk Juma'a, a ba shi zane da tawul, a sa sunansa a takardar abinci. Tasnuva ce mai ido. Ta kai wayarta kusa da garu, ta dawo da ita kan sabon dutsen.

"Ankul, waɗancan suna da ɗigo a ƙarƙashin bakin kifin. Wannan babu. Mene ne ma'anar ɗigon?"

Wayoyi suka matso. Imrul ya ƙara riƙe kafaɗarsa, baki har kunne, ya ce Abba gaya musu mana, ni ma ban taɓa ji ba.

Tofazzal ya goge bakin ƙusarsa da gefen farar rigar, ya mayar da ita aljihu. Ya juya ya dubi ɗansa sosai, da ido mai kyau da mai hazo.

"Ba shi da ma'ana, 'yata," ya ce. "Hannuna ne ya kuɓuce wata shekara, na yi ta maimaitawa. Yau na gyara."

Aka yi dariya, Imrul ya fi kowa. Tsohon ya dafa ƙasa ya miƙe da kansa, ya rataye gudumar a inda ya same ta, ya tafi ya wanke hannu.